Amanar Magani a Wuyan Mai Jinya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci jiki ya danƙa shi amana a hannun mai shi, ya saukar da ciwo domin jarrabawa, ya saukar da magani domin rahama. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a Magarya da Dungas, da Bande da Waca da Yekuwa da Sasumburum, da Dogo-Dogo da Malawa da Guci, da duk inda wannan murya take kaiwa har tsallaken iyaka.  Allah ya karɓi abin da ya gabata na azuminmu, ya ba mu ikon cika abin da ya saura.

Karatunmu na yau a kan mai jinya ne, wanda likita ya rubuta wa magani, shan maganin ya yi masa nauyi. Wani ɗaci ne ya hana shi, wani amai, wani tsawon watanni ne ya gajiyar da shi, wani kunyar idon mutane, wani rashin kuɗi da nisan hanya. Ga kuma azumi ya zo cikin zafi, mutum ya tsaya tsakanin ƙwayar magani da kame baki, bai san wanda zai riƙe ba. Da yawa cikin ƴan'uwanmu sukan warware wannan damuwa ta hanya guda: su tura maganin ƙarƙashin katifa, su yi shiru, ba su gaya wa likita ba, ba su tambayi malami ba. Wannan shirun shi ne abin da muke son mu yaƙa a daren nan, domin ya kai mutane kushewa alhali Shari'a ta buɗe musu ƙofa.

Mu fara da asali. Ya tabbata cikin ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, kuma ya sanar da mu cewa kowace cuta tana da maganinta a wurin Allah, wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Shi da kansa an yi masa ƙaho, ya biya mai ƙahon ladansa. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, ya nuna masa Harisu ɗan Kalada, likitan ƙabilar Saƙifa. Ya kuma aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani. Annabi Ayyuba, bayan dogon haƙuri, an umarce shi ya buga ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha, kamar yadda ya zo a Suratu Sad. Allah mai iko ne ya warkar da shi ba da ruwan ba, amma ya so ya koya wa bayinsa riƙon sababi. Saboda haka wanda ya haɗiyi ƙwayar magani zuciyarsa na dogara ga Allah, tawakkalinsa cikakke ne.

Akwai wata ƙissa da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri, wadda muke so kowane mai jinya ya haddace. Wani mutum ya zo wurin Annabi (S.A.W.) yana kukan cewa cikin ɗan'uwansa ya ɓaci. Aka umarce shi ya shayar da shi zuma. Ya tafi ya shayar, ya dawo ya ce abin ƙaruwa ya yi. Aka sake umartarsa da zumar. Haka ya yi ta kai da kawowa, har daga ƙarshe ɗan'uwan ya warke. Ku dubi halin wannan bawan Allah. Magani ya ba shi tsoro, domin ya ga kamar ciwon gaba yake yi. Amma duk lokacin da tsoron ya kama shi, ƙafarsa takan mai da shi wurin wanda ya ba shi umarnin, ya faɗi abin da ya gani, ya ji abin da za a ce. Wannan shi ne ladabin mai jinya da mai kula da shi: in magani ya wahalar da kai, koma wurin wanda ya rubuta shi.

Yanzu mu ɗauki wahalhalun nan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke ganinsu a gidajenmu.

Ta farko ita ce ɗaci da amai, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Kowa a nan ya san yadda ɓangaren yara na asibitin Magarya yake cika a ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓin sauro da tamowa suke haɗuwa a jikin yaro guda. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF tun shekarar 2005 ta fara aiki a Magarya saboda wannan masifa. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran ƙasashen Sahel maganin rigakafin zazzaɓi a lokacin damina, daga ɗan wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba, kuma Magarya na cikin wuraren da aka fara wannan aiki a Nijar a 2013. Tsarinsa sananne ne: kowane wata, cikin watannin damina, kwana uku a jere. Ranar farko ma'aikaci ne yake bayarwa a gaban idonsa. Rana ta biyu da ta uku an bar su a hannun uwa.

Iyayenmu mata, a nan amanar take. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan tana da ɗaci, yaro yakan tofar, wani yakan yi amai, wani jikinsa yakan yi sanyi na ɗan lokaci. Sai uwa ta ji tausayi, ta ƙulle sauran ƙwayar a bakin zane, ta ce sai ranar da zazzaɓi ya zo. Wannan tausayi ne da yake juyewa ya zama kuka, domin rigakafin da aka sha kwana ɗaya aka bar kwana biyu bai cika ba. Ma'aikatan lafiya sun koyar da yadda ake yi. A narka ƙwayar cikin ruwa kaɗan mai tsabta a cokali ko ƙaramin kofi, a zaunar da yaro a cinya kansa a sama, a ba shi a hankali, a bi shi da nono ko ɗan kunu. Kada a kwantar da shi a toshe masa hanci a yi masa ɗura, don maganin yana iya bin hanyar numfashi ya shaƙe shi. In ya amayar cikin rabin awa, a sanar da ma'aikaci domin a sake ba shi. In ƙuraje suka feso masa, ko fuska ta kumbura, a tsaya a kai shi likita a ranar. Kai kuma maigida, kada ka ce wannan aikin mata ne. Riƙe yaron da hannunka, ko ka tsaya a kansu har a gama. Kai ne makiyayin gidan, kai za a tambaya.

Wahala ta biyu ita ce yaudarar sauƙi. Maganin zazzaɓin sauro da ake bayarwa a yau, wanda da yawa suka sani da sunan Coartem, sha shida ne cikin kwana uku. Mutum ya sha na farko da na biyu da na uku, zazzaɓi ya sauka, ya ji ƙarfi, sai ya ajiye sauran domin wani ɗan gidan. Ku manoma ne, kun san abin da ke faruwa ga wanda ya yi noman farko ya ƙi yin maimai. Gonar takan yi kyau kwana kaɗan, sannan ciyawar da ta saura ta taso ta shaƙe geron. Haka ƙwayoyin cuta suke a cikin jini. Waɗanda suka tsira daga rabin magani su ne masu taurin kai, su ne za su hayayyafa. Likitoci sun kuma bayyana cewa wannan magani ya fi shiga jiki idan an sha shi da abinci mai maiƙo ko da nono. Ga fura da nono a gidajenmu, ga kunun gyaɗa. Wanda zazzaɓi ya kama a cikin Ramadan har aka rubuta masa wannan magani, majinyaci ne a hukuncin Shari'a. Ya sha ruwa, ya cika kwana ukunsa a kan lokutan da aka faɗa masa, ya rama bayan Salla.

Wahala ta uku ita ce tsawon lokaci, kuma babu misalin da ya kai tarin fuka. Maganinsa wata shida ne, kullum ba fashi: wata biyu na farko da haɗin magani huɗu, wata huɗu na baya da haɗin magani biyu. Kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Bayan ƴan makonni tari yakan lafa, nama ya fara dawowa, mutum ya ga ai ya warke. Ga lokacin cin rani ya yi, abokai sun kama hanyar Kano ko Legas ko Agadas, shi ma ya ɗauki jakarsa ya bar katin magani a rataye. Bayan wasu watanni ya dawo da tarin da ya fi na da, wani lokaci irin wanda ba ya jin maganin farko, sai an koma ga wani mai nauyi da wahalar samu. Kafin nan ya tofa wa matarsa, ya tofa wa ƴaƴansa, ya tofa wa waɗanda suke sahu ɗaya da shi a masallaci. A nan magana ta wuce haƙƙin mutum a kan kansa, ta shiga haƙƙin bayin Allah, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya a Shari'a cewa cutar da wani haramun ne. Wanda tafiya ta zame masa dole, ya je ya faɗa wa ma'aikacin da ke kula da shi tun kafin ya tashi, domin a shirya masa yadda zai ci gaba da karɓar magani a inda za shi.

Masu shan maganin tarin fuka sukan tsorata idan suka ga fitsarinsu ya koma ja kamar ruwan goro. Likitoci sun ce launin ɗaya daga cikin magungunan ne, ba jini ba ne, kuma ba ya cutarwa. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, wannan ba abin haƙuri a gida ba ne, a garzaya likita. Haka mace mai juna biyu da aka ba ƙwayar ƙarin jini, takan ga bayan gidanta ya yi baƙi, ko zuciyarta ta riƙa tashi. Baƙin ba cuta ba ne. Tashin zuciyar kuwa yakan ragu idan ta sha ƙwayar bayan abinci ko lokacin kwanciya, kuma ta nisanta ta da shayi, domin shayi yana rage amfaninta. Kun ga bambanci tsakanin wahalar da ake jurewa da alamar da ake gudu domin ta. Mu malamai ba mu ne masu rarrabe su ba, kai ma ba kai ba ne. Mai ilimin abin shi ake tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Wahala ta huɗu ita ce kunya. Akwai mai farfaɗiya, akwai mai taɓin hankali da ya samu sauƙi, akwai mai ɗauke da cutar sida. Waɗannan maganinsu na kullum ne. Sai Ramadan ya zo, gida ya cika, ana sahur tare ana buɗa baki tare, mutum ya rasa inda zai ɓoye ya haɗiyi ƙwayarsa, sai ya bar ta wata guda. Likitoci sun yi gargaɗi cewa yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsanani, mace ta faɗa wuta tana girki, namiji ya faɗa rijiya yana ban ruwan garka. Mai cutar sida kuwa idan yana sha yana bari, cutar takan koyi maganin ta daina jin sa. Ya kai ɗan'uwa, ciwo ba abin kunya ba ne, annabawa ma sun yi jinya. Ku kuma jama'ar gida, ku kame idanunku da harsunanku. Bin diddigin abin da ɗan'uwanka yake sha, da yaɗa shi a majalisa ko a bakin rijiya, yana cikin binciken asirin Musulmi da cin namansa waɗanda Suratul Hujurati ta hana. Wanda tseguminsa ya sa majinyaci ya bar magani, yana da kaso a cikin abin da ya same shi, ko da bakinsa na kame tun asuba.

Wahala ta biyar ita ce talauci da nisa. Mun san akwai wanda kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti ya fi ƙarfinsa, balle kuɗin takardar magani. Tun 2006 dokar Nijar ta sanya jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki su zama kyauta, amma babba mai hawan jini ko ciwon sukari yawanci da aljihunsa yake saye, wata bayan wata. Sai ya raba ƙwaya biyu don ta daɗe, ko ya sha yau ya tsallake gobe, ko ya koma wurin mai tallar magani a kasuwa, wanda kayansa suka wuni a rana, wanda shi kansa bai san abin da ke rubuce a jikin kwalin ba. Muna ba mai wannan hali shawara ya faɗa wa likita gaskiyar aljihunsa ba tare da jin nauyi ba, domin sau da yawa akwai wani magani mai sauƙin kuɗi da ke yin aikin. Muna kuma kiran masu hali, ƴan kasuwa da masu dabbobi da ƴaƴanmu da ke aiko da kuɗi daga waje: majinyaci matalauci yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Kuna raba gero da sukari a wannan wata, Allah ya saka muku. Ku ƙara da tambayar maƙwabcinku tsoho ko maganinsa na wannan wata ya samu.

To, yanzu ga hukuncin azumi. A Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, Allah ya yi wa majinyaci da matafiyi rangwame su sha su rama a wasu kwanaki, ya kuma bayyana cewa sauƙi yake nufi da bayinsa. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun kasa ciwo gida uku. Akwai ciwo mai sauƙi, kamar ɗan ciwon kai ko mura marar nauyi, wanda azumi ba ya ƙara shi, wannan ba a sha dominsa. Akwai ciwon da ake tsoron azumi zai ƙara shi, ko ya jinkirta warkewarsa, ko ya jawo wahala mai tsanani, wannan shan ruwa ya halatta. Akwai kuma wanda ake tsoron halaka a cikinsa, ko lalacewar wata gaɓa kamar ido ko ƙoda, wannan shan ruwa wajibi ne, wanda ya dage ya yi azumi ya saɓa wa Allah. Sun kuma faɗi cewa ana gane wannan tsoro ta hanyar abin da mutum ya jarraba a jikinsa, ko ta maganar likita masani. Wanda ya sha saboda ciwo, ramuwa kaɗai ke kansa, babu kaffara.

Wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa, kuma azumi yana cutar da shi a kowane lokaci na shekara, hukuncinsa hukuncin tsoho ne da ya kasa. Babu ramuwa a kansa. An so ya ciyar da mudun Nabi ɗaya na abincin garin a madadin kowace rana, a nan wurinmu gero ne, in kuwa ba shi da hali, babu laifi a kansa. Mai juna biyu da ta ji tsoro ga abin da ke cikinta ta sha ta rama. Mai shayarwa da ta ji tsoro ga jaririnta, kuma babu wata mai shayar da shi, ta sha ta rama ta kuma ciyar. Haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo a Risala, littafin da kowane almajirin zaure a ƙasar Damagaram ya sani.

Game da nau'o'in magani, duk ƙwayar da aka haɗiya da rana ta karya azumi, ko da ba a bi ta da ruwa ba. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1997, ta yanke cewa allurar da ake yi a fata ko a tsoka ko a jijiya ba ta karya azumi, in ban da ƙarin ruwa mai tsayawa a matsayin abinci. Haka maganin ɗigawa a ido ko a kunne, matuƙar mutum bai haɗiyi abin da ya kai maƙogwaronsa ba. Allurar masu ciwon sukari tana cikin waɗanda ba sa karyawa, haka ɗan jinin da ake ɗiba a yatsa domin gwaji. Wannan majalisa ta sake zama a Sharja a 2009 kan ciwon sukari da azumi, ta bayyana cewa akwai masu wannan ciwo da shan ruwa ya wajaba a kansu, kuma likita ne yake tantance wanda ya shiga wannan rukuni. Mai ciwon sukari da likita ya yarje wa yin azumi, idan da rana ya ji jiki na rawa, gumi na karyo masa, ido na duhu, ko tunaninsa ya fara rikicewa, ya karya nan take da dabino ko ruwan sukari, ko da saura kaɗan a kira magariba. Waɗanda ke kusa da shi su taimake shi, kada su ce ya daure.

Ga wata tambaya da ta yi ta zuwa mana: shin mutum zai iya mai da shan maganinsa zuwa dare? Amsa ita ce wani magani yana karɓar haka, wani ba ya karɓa. Azuminmu a wannan yanki yakan kai awa 13 zuwa 14, abin da ya saura tsakanin buɗa baki da sahur wajen awa 10 ne. Maganin da ake sha sau ɗaya a rana, kamar yawancin na hawan jini, sau da yawa likita yakan iya mai da shi lokacin buɗa baki ko sahur. Na sau biyu, wani yana yiwuwa. Amma wanda aka ce a sha sau uku, kowace awa 8, ba ya shiga cikin dare ɗaya, kuma haɗa sha biyu a lokaci guda don cike gurbi yana iya zama guba. Wasu magungunan sukari kuwa, idan aka sha su da sahur yadda aka saba sannan aka wuni ba ci, sukan faɗar da mutum. Saboda haka kada kowa ya sauya lokaci ko adadi da ra'ayinsa. Ka ɗauki kwalayen maganinka gaba ɗaya, ka je wurin ma'aikacin lafiya, ka ce masa kana son yin azumi, ya duba maka. In ya ce ga yadda za a yi, alhamdu lillahi. In ya ce ba zai yiwu ba, ka karɓi sadakar da Ubangijinka ya yi maka. Mai hawan jini ya ƙara kula, domin ciwonsa ba ya yin gargaɗi. Mutum yana jin kansa garau, sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye.

Muna da kalma ga ƴan'uwanmu malamai da almajirai, mu da muke zaune a zaure mutane suna kawo mana tambaya. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir cewa a wata tafiya dutse ya fasa kan wani mutum, sannan wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen yin taimama, suka ce ba su ga rangwame gare shi ba tunda ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin ransa, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Wannan hadisi ya isa ya sa gabanmu ya faɗi. Duk malamin da ya ce wa mai ciwon sukari ko mai farfaɗiya ya ajiye magani ya riƙe azumi, ko ya ajiye ƙwaya ya wadatu da rubutu, ya tuna da mutanen nan. Addu'a da ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani gaskiya ne, muna yi, muna kuma umarni da su, amma wanda ya koya mana su shi ne ya aika wa sahabinsa mai magani. A haɗa su gaba ɗaya. Mai shan sassaƙe ko jiƙo kuma ya sanar da likitansa, domin wani itace ba ya jituwa da wata ƙwaya a cikin ciki ɗaya.

Akwai tsofaffinmu da suke kuka da hawaye idan aka ce su sha azumi. Wani ya shekara hamsin bai sha ko ɗaya ba, yana ganin kamar an fitar da shi daga sahun Musulmi. Baba, share hawayenka. Inna, kwantar da hankalinki. Buhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba aikatawa lokacin da yake lafiya yana gida. Wanda ya umarce ka da kame baki shekara hamsin, shi ne yau ya umarce ka da sha, kuma biyayya ce a duka biyun. Ga Alƙur'ani, ga zikiri, ga salatin Annabi, ga sauraren tafsiri, ga ciyar da mai azumi, duk ƙofofinsu a buɗe suke gare ka. Ku kuma ƴaƴa da jikoki, ku sauƙaƙa musu. A dafa musu abin da za su ci da rana ba tare da gori ba. A ɗaura musu shan magani da lokutan salla, wannan bayan asuba, wancan bayan isha'i, domin kiran salla agogo ne da ba ya ɓata. Wanda bai iya karatun boko ba, a sa ma'aikaci ya yi masa alama a jikin kwali, a kuma sa yaro ɗan makaranta ya riƙa tuna masa. Wannan yana cikin biyayyar iyaye.

Haƙuri iri uku ne kamar yadda malamai suka karantar: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, haƙuri ga barin saɓonsa, da haƙuri a kan abin da ya ƙaddara. Mai jinyar da ya daure wa ɗacin magani wata shida, ya taka zuwa asibiti cikin rana don ya faɗi abin da ke damunsa, ya karɓi rangwamen Ubangijinsa ba tare da girman kai ba, ya tara ukun nan a jikinsa. Ranar da za a tambayi bawa game da jikinsa, a me ya ƙarar da shi, yana da amsa.

Ya Allah, Ubangijin mutane, ka warkar da majinyatanmu na gida da na asibiti. Ka sanya albarka a cikin abin da suke sha, ka sauƙaƙa musu ɗacinsa, ka hore musu kuɗinsa. Ka saka wa masu jinyarsu da ma'aikatan lafiyarmu da alheri. Ka tsare ƴaƴanmu daga zazzaɓi da tamowa, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, ka sanya mu cikin ƴantattun wannan wata. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga hukuncin matafiyi.